Yadda nake sa ɗalibai zana katin tunawa da yaƙi

Ina yin wannan aiki da ɗalibaina na ƙaramar sakandare a Agege da zarar an dawo hutu a watan Janairu, gabanin ranar 15 ga wata, Ranar Tunawa da 'Yan Mazan Jiya. Kayan aikin ba su da tsada: farin kwali mai kauri, fensir, kala da almakashi. A yanka kwali mai girman takardar A4 gida huɗu, kowane yanki kati ɗaya ke nan. Gaba na zane ne. A baya kuma a ja layi a tsakiya, hagu na saƙo, dama na adireshi da gurbin kan sarki.

Kada ka raba kwalin a ranar farko. In ka ce wa ɗan shekara 12 ya zana yaƙi, bindiga da jirgin sama zai kawo maka, irin waɗanda yake gani a fim. Fara da Legas ɗin da suke takawa kullum. A barikin Dodan, kusa da Obalende, Philip Effiong, mai riƙon shugabancin Biyafara, ya miƙa wuya ga Yakubu Gowon ranar 15 ga Janairu 1970, aka kawo ƙarshen yaƙin basasar da ya ɓarke a Yulin 1967. Barikin Arakan na Apapa da na Myohaung a Yaba kuwa sunayen wurare ne a ƙasar Bama (Myanmar ta yanzu), inda runduna ta 81 da ta 82 ta sojojin Afirka ta Yamma suka gwabza da Japan a Yaƙin Duniya na Biyu. Da yawa daga cikinsu 'yan Arewa ne, kuma Hausa ce harshen bariki a wancan zamani. Yara kan yi tsit idan suka ji haka, don mafi yawansu sun ɗauka yaƙin Turawa ne zalla.

Daga nan sai aikin gida, wanda a wurina shi ne ƙashin bayan abin duka. Kowa ya je wurin wani dattijo, ya gaishe shi da kyau, ya yi masa tambaya ƙarama. "Baba, me kuke ci a lokacin?" "Kaka, ta yaya labari yake iso muku?" Ban da "wa ya kashe wa". Ya dawo da abu ɗaya tak da zai zana. Wata yarinya ta zana rediyon kakanta, da eriyar da aka ɗaure da waya, a baya ta rubuta yadda unguwa ke taruwa a zaurensa don jin labarin bakin daga. Wani yaro ya zo da lambar yabon kakan mahaifinsa ta yaƙin Bama, mai siffar tauraro, a ƙulle cikin tsumma. Muka ɗora siririyar takarda a kanta, ya goga gefen fensir a hankali har tauraron ya fito, ya yanke ya manna a katinsa.

Saƙon kada ya wuce layi biyar, kuma a rubuta shi ga mutum takamaimai, mai rai ko marigayi, da harshen da yaron ya fi sakewa.

Abu biyu ba na wasa da su. A ajina akwai yaran da iyayensu suka baro Borno da Zamfara saboda tashin hankali. Ba na nuna su da yatsa, ba na tilasta musu. Wanda ya so ya zana gonarsu ko rijiyar ƙauyensu, ya isa. Sannan dole ɗalibai su ji labarin yunwar da ta hallaka yara a yankin Biyafara, musamman daga bakin abokan karatunsu Ibo idan sun yarda su faɗa.

Ranar baje koli a ɗaura igiya a aji, a rataye katunan da abin shanya yadda za a iya juya su a karanta. A nemi izinin dattawan kafin a sa sunayensu, a kuma aika musu goron gayyata. Katin da za a tura gida Arewa a ɗauki hotonsa tukuna, sannan a kai gidan waya.