Masu sa hoto a Adobe Stock da Shutterstock (shafukan sayar da hoto a intanet), ku riga lokaci

Salama alaikum 'yan uwa.

Shawarata a farkon shekarar nan: kar ku ɗauki hoton abin da ake ciki yau, ku ɗauki na wata 2 ko 3 masu zuwa.

Masu saye 'yan talla ne, tun kafin lokaci ya zo sun gama zaɓen hotunansu, ga kuma kwanakin da kamfanin ke ɗauka yana duba hoto kafin ya karɓa. Ni bara sai ranar Sallah na loda nawa, ko ɗaya bai fita ba.

To yanzu ku shirya na azumi a gida. Dabino a faranti, kunu yana tururi, tasbaha kan darduma. Ku bar fili a gefe ɗaya, nan suke rubuta tallarsu. Ku tuna azumi kowace shekara yana matsowa da kusan kwana 11.

Hazon hunturun nan ma riba ce, haske ya yi laushi, ginin ƙasa na Birni, tsohuwar unguwar Damagaram, da safe sai ka rantse zane ne. Sai dai ƙura, kar ku canza gilashin kyamara a waje.

Inda dabarar ba ta ci: hawan Sallah a ƙofar fadar Sarkin Damagaram ba a ɗaukarsa kafin ranar, sai ku adana na bana saboda baɗi. Fuskar mutum kuma in babu takardar yardarsa da sa hannu ba ta shiga talla, haka tambarin kamfani a riga ko kwalba.