Ga ƙannenmu masu koyon jinya a sashen tiyata

Salamu alaikum. Ƙannena, in an fito da maras lafiya daga ɗakin tiyata, kada ku dogara da awon tansiyo (awon hawan jini) kaɗai. Wanda ke zubar da jini ta ciki, bugun zuciyarshi ke fara hawa, tansiyo sai daga baya take faɗuwa, musamman ga matashi mai ƙarfi. In bugu ya wuce 100 a minti yana ta ƙaruwa, hannuwa sun yi sanyi, cikin fatar ido ya yi fari, ku kira majo (shugaban ma'aikatan jinya na sashen) ko likita nan take, ko ƙarfe 3 na dare ne. Faɗan tashin barci ba ya kashe kowa.

Ku dinga duba ledar fitsari. Babba ya kamata ya fitar da aƙalla mililita 30 a awa. Ku rubuta adadi da lokaci.

Sai maganar ƴan jinya, wato dangin da ke zama da maras lafiya, wadda ta fi damuna. Da zafin Maradi, uwa ba ta iya kallon ɗanta yana roƙon ruwa. Tsawa ba ta hana ta, a ɓoye za ta ba shi. Ku zauna ku ce: "Inna, bai gama farfaɗowa ba, in ya sha ruwa ya yi amai, aman zai iya shiga huhunshi." Ku nuna mata yadda za ta jiƙa mishi leɓɓa da auduga.