Yadda Ake Haɗa Na'urorin Rijiyoyin Burtsatse da Babbar Kwamfuta ta Hanyar Layin Waya

Mai kula da rijiyoyin burtsatse masu aiki da sola a ƙauyukan Daura zai iya sanin yawan ruwan kowane tanki daga ofishinsa, idan ya sanya wa kowace rijiya ƙaramar na'ura mai layin waya da za ta riƙa aika rahoto zuwa babbar kwamfuta.

Da farko a gwada ƙarfin sabis a daidai wurin da na'urar za ta zauna. Ƙungiyar 3GPP, mai tsara ƙa'idojin sadarwar wayar salula, ta fitar da wasu tsarin sadarwa biyu, NB-IoT da LTE-M, a 2016 domin irin waɗannan na'urori, kuma ba sa cin batir sosai, amma sai an tambayi kamfanin waya ko ya kunna su a yankin. Idan bai kunna ba, a sayi modem, wato abin da ke haɗa na'urar da sabis ɗin waya, na 4G mai iya komawa 2G.

Daga nan a nemi kamfani ya buɗe APN na musamman, wato keɓantacciyar ƙofa da bayanan na'urorin za su bi, sannan a haɗa ta da babbar kwamfuta ta hanyar VPN, wato rufaffiyar hanyar da ke ɓoye bayanan da ke bi ta cikinta. A ganina nan ne bai kamata a yi rowar kuɗi ba, domin na'urar da aka bari a buɗe ga intanet kowa na iya laluben ta, alhali ita ce ke kunna famfon da gari guda ke sha.

A tsara aikin yadda na'urar ce za ta riƙa fara tuntuɓar babbar kwamfuta, saboda layukan waya na yau da kullum ba su da tsayayyen adireshin da za a same su daga waje. Tsarin aika saƙonni tsakanin na'urori da ake kira MQTT ya dace da wannan, muddin an kulle saƙonnin da TLS, wato tsarin da ke ɓoye su daga masu leƙe. Kada kuma a sa dukkan na'urori su aika rahoto a daƙiƙa ɗaya. A ɗan rarraba musu lokaci.

Wajibi ne na'urar ta iya adana bayanai idan sabis ya ɗauke, ta aika su bayan ya dawo, famfon kuma ya ci gaba da aiki da kansa. Mutanen Katsina sun ga muhimmancin haka a 2021, lokacin da aka rufe layukan waya a wasu ƙananan hukumomi saboda matsalar tsaro. Rijiyoyin da ke wajen Kongolam, a kan iyakar Nijar, kuwa, a kulle modem ɗinsu a kan kamfanin gida, don kada su kama sabis ɗin Nijar kuɗin data ya hauhawa.