Darasi na 9: Kafaɗa Bayan Tiyata

A kafaɗa akwai tsoka 4 da suka rungume kan ƙashin dantse. Jijiyoyinsu ne ke riƙe shi cikin gurbinsa. Da su kake ɗaga hannu ka sa hula, da su kike ɗaura ɗankwali. Faɗuwa daga babur, ko shekarun ɗaukar kaya, na iya yaga jijiyar. In yagewar ta yi yawa, likita kan ɗinke ta a jikin ƙashi.

Ɗinki dai zare ne kawai. Jijiya ba ta kama ƙashi sosai sai an yi kamar mako 12.

A mako 4 zuwa 6 na farko, hannu na rataye a wuya, har da dare. Da yawa sun fi samun barci a kishingiɗe, da matashi a baya. Kullum ka motsa yatsu, wuyan hannu da gwiwar hannu. Kafaɗar kuwa, ba da ƙarfinka za ta tashi ba. Likitan gashin ƙashi, wato mai motsa gaɓoɓi, shi ne zai ɗaga maka, kai ka saki jiki.

Ga inda aka fi yin ɓarna. Bayan 'yan makonni ciwo kan lafa, sai mutum ya ce ya warke. Mace ta ɗauki taɓarya, ko ta ja guga. Magidanci ya hau babur, ko ya dogara da hannun zai tashi daga tabarma. Ciwo ya tafi, amma jijiyar ɗanya ce, kuma haka take sake yagewa. Wannan abu yana damuna ƙwarai, domin aikin farko ya fi na biyu kamawa. Ko sujada, ka tambayi likita yaushe za ka fara dafa ƙasa da hannun. Kada kuma ka bari maɗori ya ja shi ko ya murza.

Wani kuma tsoro kan hana shi motsi gaba ɗaya, har kafaɗar ta sandare. Masu ciwon suga sun fi fama da haka. Sigari ma yana jinkirta warkewa.

To yaushe ake fara motsa kafaɗar? Ya danganta da girman yagewar. In ƙarama ce, wasu likitoci kan sa a fara motsi da wuri. In babba ce, sukan ce a dakata har mako 6. Wanda ya fara da wuri yakan riga samun motsi, amma bayan shekara bambancin kaɗan ne. Saboda haka kada ka gwada kanka da maƙwabcinka.

Daga mako 6 kake fara ɗaga hannu da kanka, ba kaya. Atisayen ƙara ƙarfi sai wajen mako 12. Noma da dako kuwa sukan jira wata 6 ko fiye.

In ka ga zazzaɓi, ko wurin ɗinki ya kumbura yana fid da mugunya, koma asibiti ran nan.

Aikin aji: an yi wa mutum tiyata ranar 1 ga Maris. Duba kalanda, ka ƙirga mako 6, ka rubuta ranar a littafinka. Sannan ka ƙirga mako 12.