Kurakuran da Ake Yi Wajen Kare Kai Daga Cututtukan Bazara

Da sanyi ya fara ja da baya, sai mutane su saki jiki kamar ya tafi da cututtukansa. Alhali a wannan tsakanin ne ƙyanda, ƙarambau, hangum da sanƙarau suke yawan ɓulla, musamman inda yara suke cunkushe a aji ɗaya.

Kuskuren da ya fi ko wanne ɓarna shi ne jiran sai an ga ƙuraje kafin a raba yaro da 'yan uwansa. Mai ƙyanda yana fara yaɗa ta kwana 4 kafin ƙurajen su feso, ya ci gaba har kwana 4 bayan fitowarsu. A kwanakin farko ba a ganin komai sai zazzaɓi, tari, majina da jan ido, sai a ce "ai mura ce", a rataya masa jaka ya tafi makaranta. Ƙwayar cutar kuwa tana iya zama a iskar ɗaki har awa 2 bayan ya fita, kuma cikin mutum 10 marasa rigakafi da suka kusance shi, har 9 na iya kamuwa. Don haka zazzaɓin shi ne abin dubawa: yaron da jikinsa ya yi zafi ya zauna a gida, ko da fatarsa sumul take. Mai ƙarambau kada ya koma cikin yara sai duk ƙurajen sun bushe sun yi ɓawo. Mai hangum ya yi kwana 5 a gida daga ranar da kumatunsa suka kumbura.

Wasu kuma sukan tsaya a allura ɗaya ta ƙyanda. Biyu ake so, su ne ke ba da kariyar kusan kashi 97 cikin ɗari. Jiki yana buƙatar mako 2 zuwa 3 kafin allurar ta kama, shi ya sa masu jiran sai cuta ta ɓarke sun makara. Duk da haka, wanda ya cuɗanya da mai ƙyanda ya garzaya asibiti, domin allurar da aka yi cikin awa 72 tana iya taimakawa. A ɗauko katin rigakafi yau a duba.

Sai maganar magani, wadda ta fi ba ni haushi. Antibayotik, wato maganin kashe ƙwayar cuta ta bakteriya, ba ya taɓa ƙwayar bairus, kuma ita ce ke haddasa mura, ƙyanda, ƙarambau da hangum. Shansa barkatai bakteriya kawai yake koya wa jure magani. Asfirin ya fi haɗari: ba shi ga yaro mai ƙarambau ko mura mai tsanani na iya jawo ciwon Reye, wanda ke lalata hanta da ƙwaƙwalwa. Farasitamol daidai nauyin yaro ya wadatar wajen sauke zazzaɓi.

Rufe tagogi ruf don gudun iska shi ma kuskure ne, a buɗe su iska ta ratsa. Wanke hannu kuma da sabulu ake yi na daƙiƙa 20, har tsakanin yatsu da ƙarƙashin farce. Tsoma hannu a ruwa a yarfe ba wanki ba ne.

Sanƙarau kuwa ba a yi masa "bari mu ga zuwa safe". Zazzaɓi mai zafi, matsanancin ciwon kai, ƙagewar wuya, amai, ko idon da ba ya son haske, sai asibiti nan take, ko da tsakar dare ne. A jariri kuwa a lura da kumburin maɗiga, ƙin kama nono da yawan barci. Nau'in da bakteriya ke haddasawa yana iya kisa cikin awa 24, kuma a nan ne antibayotik yake ceton rai idan likita ya fara shi da wuri.