Yadda Za Ka Binciko Tarihin Kakanka Da Ya Jagoranci Dakaru A Basasar Kano

Labarin Basasar Kano ya fi tsayawa a kan 'ya'yan sarki da barade masu dawakai, shi ya sa wanda kakansa ya riƙe sarkin baka (shugaban maharba) ko sarkin karma (shugaban mayaƙan ƙasa) da wuya ya iske sunansa a rubuce. Hanya mafi inganci ita ce ka nemo ubangidansa tukuna, domin mai jagorantar dakaru ba ya fita yaƙi don kansa, yana bin tutar hakimi ne ko wani babban bawan sarki irin su Shamaki, Ɗan Rimi ko Sallama.

Kafin ka zauna da kowa, riƙe shekarun nan a ka. Sarkin Kano Muhammadu Bello ya rasu a 1893, Sarkin Musulmi Abdurrahman ya naɗa Tukur ɗan Bello, sai Yusufu ɗan tsohon Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi ya ƙi yarda, ya fice da 'yan'uwansa zuwa Takai. Yusufu ya rasu a Garko, ɗan'uwansa Alu ya karɓi jagoranci, Yusufawa suka ci birnin a 1894, Tukur kuma ya faɗi a Tafashiya a 1895. Da waɗannan za ka auna duk abin da aka faɗa maka, saboda tsofaffi sukan haɗa basasa da yaƙin Damagaram na zamanin Alu, wani lokaci har da zuwan Turawa a 1903, su mai da su yaƙi guda.

Ka tafi garin kakanka bayan an gama girbi, ka fara da gaishe da dagaci, ka ce, "Ranka ya daɗe, tarihin gidanmu nake nema," ya haɗa ka da dattawan gari. Kada ka tambayi tsoho shekara. Tambaye shi daga wane gari aka tashi, wa ya ba kakan riga da rawani, da wane makami ya yi yaƙi, kuma ina ya zauna bayan ƙura ta lafa. Amsar ƙarshen nan takan nuna ɓangarensa, tunda Yusufawa sun sami sarautu da gonaki, Tukurawa da yawa kuwa sun rasa muƙamansu ko sun yi ƙaura. Kada ka raina tsofaffin mata da maroƙa. A bakinsu kirari yake zaune, kuma kirari kan riƙe sunan gari ko na ubangida bayan kowa ya manta. In aka fito maka da tsohon kwari, garkuwa ko rigar layu, ɗauki hoto ka mayar wa masu shi.

Akwai wurin da ake taka-tsantsan: 'yan bindiga da yawa bayin sarki ne, kuma ba kowane gida ke son a tono wannan a gaban jama'a ba, don haka ka yi tambayar a keɓe.

Daga nan ka kai abin da ka tara Gidan Ɗan Hausa a Kano, ko ma'ajiyar tarihi ta ƙasa da ke Kaduna, inda rahotannin gundumomi na farkon mulkin Turawa kan kawo jerin dagatai da asalinsu, ka gwada da sunan ubangidan da ka samo.