Kafin ka yarda da wata mujallar maganin gargajiya, ka bincika tarihinta tukuna

Ai kullum muna ganin ana cewa "bincike ya tabbatar" zogale ko habbatus sauda na warkar da kaza da kaza, har da sunan wata mujallar turawa a ƙasa, mutane kuma sai su ce shikenan magana ta ƙare. To ba ta ƙare ba wallahi, abin yana damuna sosai domin lafiyar mutane ce a tsakiya.

Farko ka kwafi sunan mujallar ka nemo wa ya kafa ta, wa yake buga ta yanzu, don mujalla tana canja hannu kamar mota. Ɗauki eCAM, wato Evidence-Based Complementary and Alternative Medicine. An kafa ta a 2004, Edwin Cooper ne editanta na farko, jami'ar Oxford ke buga ta, daga baya ta koma hannun kamfanin Hindawi wanda asalinsa na Alƙahira ne, sannan Wiley na Amurka suka sayi Hindawi a 2021, kaga wanda ya san ta da sunan Oxford zai yi ta ganin girmanta bai san ruwa ya canja ba.

Sai ka shiga Master Journal List na Web of Science, wato jerin mujallun bincike da aka tantance da ke intanet, ka rubuta sunan. A watan Maris 2023 an cire eCAM daga jerin tare da wasu mujallun Hindawi, su 19 gaba ɗaya, a shekarar nan kuma Hindawi ya janye takardu sama da 8,000, yawanci na masu sayar da binciken bogi ga wanda yake neman ƙarin girma a wurin aiki, an cusa su ta fitowa ta musamman da ake ba baƙon edita ya kula da ita.

Bayan mujallar, duba takardar kanta. Saka takenta a PubMed, rumbun takardun binciken lafiya na intanet, ko Retraction Watch, shafin da ke bin diddigin takardun da aka soke, ka ga ko an janye ta. Duba ranar da takardar ta isa hannun mujallar da ranar da aka amince a buga ta, in tazarar ta yi gajarta sosai ka yi shakka, masana ba su tantance aiki cikin 'yan kwanaki.

Sannan ka karanta a kan wa aka yi gwajin, ɓera ne, ko kwalbar dakin gwaji, ko mutane, kuma su nawa? Maganin da ya sauke sukarin ɓera ba dalili ba ne Baba ya ajiye metformin ɗinsa, maganin ciwon sukari na asibiti, a kai wa likita takardar ya gani tukuna.